Waƙoƙin Alisabatu a Cikin Kwamfutar Coci

Abu biyu ne Malam Tobias bai yarda da su ba a rayuwarsa, takarda da bakin mutane, kuma duk wanda ya zauna da shi na rabin awa sai ya ji dalili ko bai tambaya ba. Malamin firamare ne a unguwar Turaki ta Jalingo, gajere, siriri, mai saurin tafiya kamar an aike shi. Ranar Lahadi kuwa shi ne shugaban mawaƙa, wato kwaya, na wata ƙaramar coci a Abbare, aikin da ya riƙe fiye da shekara ashirin da wata 'yar sanda da ya feƙe daga reshen gwaiba. Allah ya ba shi kunne, wannan ba a musu. Cikin mutum arba'in, idan ɗaya ya kauce, sai ka ga sandar nan ta tsaya cak tana nuna shi. Abin da Allah bai ba shi da yawa ba shi ne sassauci.

Cikin waɗanda sandar ta taɓa nunawa har da matarsa, Jemima. Tana amarya ta shiga ƙungiyar, da murya mai kauri mai daɗi, sai dai tana da wata ɗabi'a ta jan murya, ta zame daga wannan sauti zuwa wancan a hankali maimakon ta taka shi kai tsaye. Tobias ya gyara mata sau ɗaya, sau biyu. A karo na uku, a gaban kowa, ya buga sanda a benci ya ce tsakanin sautin mi da na fa babu wurin zama, wanda yake son zama ya koma gida. Jemima ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ɗauki jakarta, ta koma gidan. Tun ranar bai ƙara jin ta rera ko baiti ɗaya ba, ko a wurin daka, ko a wurin rarrashin 'yarsu Esta. Shi kuwa, don ƙarfin hali, ya ɗauka magana ta wuce. Ta ci gaba da dama kunun zaƙinta tana kaiwa bakin sakatariya, suna zaune lafiya.

Abin mamaki, mutumin da ya kori 'ya, shi ne ya mutu a kan waƙoƙin uwa. Alisabatu, mahaifiyar Jemima, manomiyar doya ce a Iware, ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma tun tana budurwa take ƙago waƙoƙin yabon Allah, rabi da yarenta rabi da Hausa. Tobias ya ji su ya san ba a samun irinsu a littafin kowace coci, ya ƙudura sai ya rubuta su duka. To, suruka ce, kuma shi mutum ne mai tsananin kunyar surukai. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, balle ya zauna suna kallon juna. Saboda haka duk Asabar ta rani sukan tafi Iware, shi ya zauna a kan kututture a bayan zana, tsohuwa tana daga cikin rumfa tana rerawa, Jemima kuma a bakin ƙofa. Idan kalma ta shige masa, don haƙoran tsohuwa sun zube, sai ya yi gyaran murya, Jemima ta maimaita masa ita da baki, ba da waƙa ba.

Littattafai uku ya cika haka. Daminar shekarar 1992 ya buɗe akwatin katakon da ya adana su ya tarar gara ta mai da su ƙasa, sai bango da 'yan ƙarafan ɗinki. Kwana biyu bai ci abinci ba. Daga nan ya yanke hulɗa da takarda, kuma ya sake komawa bayan zana daga farko.

Ana cikin haka wata baturiya mai koyar da waƙa, da ta yi shekaru tana zagaya coci-coci na yankin, ta tashi komawa ƙasarsu, ta bar wa cocin Abbare kwamfutarta. A ciki akwai wata manhaja ta rubuta waƙa: ka sa sauti, ka sa kalmomi a ƙarƙashinsa, ka raba murya huɗu, ta kaɗa maka ka ji. Tobias ya ga ƙarfe, ya ga roba, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce wannan kam gara sai dai ta kalla. Da yatsa biyu ya koya. Duk waƙar da ya ɗauko daga Iware a guntuwar takarda sai ya zuba ta ciki, ya miƙa wa Jemima takardar ta hura wuta. Kaɗan ya koya wa ƙungiyarsa, sauran yana tanadinsu sai ranar da suka cika ya fito da su gaba ɗaya a ba kowa mamaki.

Kafin baturiyar ta tafi ta ba shi wani ɗan faifai shuɗi mai kusurwa huɗu, irin wanda ake turawa a bakin kwamfuta, ta yi masa bayani har sau uku. Manhajar tana da mabuɗi, ba na ƙarfe ba, wata ɓoyayyiyar alama ce da ke zaune a wuri guda a cikin kwamfutar. Duk ranar da za a yi wa kwamfutar babban gyara, sai a fara mayar da mabuɗin cikin shuɗin faifan, a gama, sannan a dawo da shi. In ba haka ba manhajar za ta iya ƙin buɗewa, kuma babu wata manhaja da ke karanta waƙoƙin sai ita. Ta ce ya ajiye shi inda ba ruwa, ba ƙwari. Tobias ya duba gidansa, gara. Ya duba ofishin coci, rufin yana yoyo. Sai idonsa ya faɗa kan babbar lasifikar da ke rataye a bangon coci, nesa da ƙasa, busasshiya, bayanta a ɗaure da kusoshi huɗu. Ya kwance, ya naɗe faifan a leda, ya jingina shi da wani kewayayyen baƙin ƙarfe da ke ciki, ya mayar ya ɗaure. Ya daɗe yana yaba wa kansa wannan dabara.

Zuwansu Iware na ƙarshe, tsohuwa ba ta da lafiya. Jemima ta fita neman magani, aka bar su su biyu, zana a tsakani. Sai ya ji ta fara wata waƙa da bai taɓa ji ba, da 'yar muryar da ta rage mata, kuma bai yi nisa da rubutu ba ya gane da shi take. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana zama a rana don maganar tsohuwa, ta ce, Allah ya ba shi inuwa. Ya rubuta har ta kai ƙarshe. Ya zuba ta a kwamfuta ita ce ta tamanin da uku, ya sa mata suna Mai Zama Bayan Zana, bai gaya wa kowa ba, kuma bai ƙara buɗe ta ba don nauyin da take yi masa. Bayan wata biyu aka binne Alisabatu.

Rigimar ta taso ne a 1997, da firintar ofishin coci ta mutu. Ga babban taron zumuntar mata yana tafe, cocin Abbare ce mai masauki, dole a buga tsarin taro. Kwamiti ya aika aka sayo sabuwar firinta daga Jos, aka jona ta, ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Masu sani suka ce ba za ta yi aiki ba sai an ɗora wa kwamfutar sabon tsari, Windows 95. Tobias ya ce sai dai a kan gawarsa. Lahadi uku yana ja, har Obadiya, sakataren coci, mutum mai haƙuri wanda haƙurinsa ya zo wuya, ya ce masa a gaban dattawa, "Malam, kwamfuta ɗin nan na coci ne, ba na kwaya ba. Ran Litinin takarda zai je wurin masu buga da yawa. Asabar za a yi."

Wanda aka kira shi ne Hammanjoda, wani dogon Bafillace da ke kula da kwamfutocin wani ofishin gwamnati. A lokacin masu wannan aiki a Jalingo ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma shi sunansa ya fita da abu guda: maganinsa na kowace cuta shi ne wanki, wato ya goge duk abin da ke cikin kwamfuta tas, ya zuba sabo.

Asabar ɗin babu wuta, don iskar farkon damina ta kayar da turakun wutar unguwar tun mako guda. Lokacin kuma ana tsananin wahalar mai. Obadiya ya yi kwana biyu a layi kafin ya samo galan ɗaya, ya zuba a 'yar janaretar coci. Da ƙarfe tara Hammanjoda ya jingine babur ɗinsa, ya tarar da Tobias tsaye a ƙofar ofis, sanda a hannu, kamar mai gadin rumbu.

"Ba za a wanke ba," in ji Tobias, ko gaisuwa babu.

Hammanjoda ya yi murmushi. "Jam, Baba, a gaisa tukuna. Sakatare ya faɗa mini komai. Ba zan wanke ba, a kai zan ɗora. Amma irin firogiram ɗin nan na san halinsa. Ina mabuɗi?"

Nan fuskar Tobias ta saki. Ya ja su cikin coci, ya hau benci, ya karɓi sukudireba, yana kwance kusoshin yana ba su labarin yadda ya yi wa gara wayo. Ya cire murfin, ya miƙa hannu ciki, sai sukudireban ya fizge daga yatsunsa ya manne da baƙin ƙarfen nan, ƙwas. Tobias ya yi dariya ya ɓamɓaro shi. Da ya juyo da ledar a hannu, ya ga Hammanjoda ba ya dariya.

"Baba, shekara nawa yana wurin nan?"

"Uku. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba."

"A jikin ƙarfen?"

"A jikinsa. Me ya faru?"

Hammanjoda ya shafa gemunsa, ya dubi Obadiya, ya dubi ƙasa. Ya ce ƙarfen nan mayen ƙarfe ne, shi ke sa lasifika magana, kuma babu abin da ke shafe rubutun faifai kamarsa. Ko kusa ba a kai su, balle a haɗa su kwana. Tobias ya ɗaga faifan sama yana nuna masa, sabo fil, ko ƙwarzane babu. Ya ce yaron zamani ne kawai da tsoratarwa, a je a gwada.

Aka tayar da janareta, ƙararta ta cika harabar. Kwamfuta ta kama. Hammanjoda ya tura shuɗin faifan, ta yi ƙugi, ta yi ƙugi, ta fito da wani ɗan rubutu. Ya zare, ya hura, ya mayar. Haka sau uku. A na huɗu Tobias da kansa ya tura, da addu'a a bakinsa. Rubutun bai canja ba, faifan babu komai a cikinsa, kuma manhajar ta ƙi mayar da mabuɗinta cikin abin da ba ta gane ba.

Tsoro ya kama Tobias, irin wanda bai ji ba tun ranar akwatin katako. Ya ce a fasa. Obadiya ya ce mata ɗari shida suna zuwa daga ƙauyuka, ba zai tsaya gabansu hannu wofi ba, kuma man da ke ƙonewa yanzu ba shi da wani. Tobias ya ce a nemo wata kwamfuta. Hammanjoda ya ce ta ofishinsu a kulle take sai Litinin, kuma ba a fitar da ita. Ya ƙara da cewa wataƙila mabuɗin ya tsira, don wani lokaci sabon tsari yakan bar shi inda yake, wani lokaci ya gusa da shi.

"Wataƙila nawa?" in ji Tobias.

"Rabi da rabi, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Obadiya ya je ya leƙa tankin janareta ya dawo. Ya tambayi Hammanjoda awa nawa aikinsa zai ci, ya ce biyu in ba a samu matsala ba. Obadiya ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur. "Man zai kai awa uku. Malam, ɗauki awa ɗaya. Kwafe abin da za ka iya."

Sai ga Tobias, mutumin da ya yi rantsuwa da takarda, yana roƙon takarda. Obadiya ya ba shi wani sabon littafin rubutu na makarantar Lahadi. Hammanjoda ya kawo shawarar a ɗauka a kaset, aka kawo rediyo aka gwada, da aka saurara babu abin da ke ciki sai rurin janareta, minti bakwai sun tafi a banza. Tobias ya buɗe jerin waƙoƙin, tamanin da uku, ya tsaya yana kallonsu. Wacce zai ɗauka, wacce zai bari? Idonsa ya sauka can ƙasa kan ta ƙarshe, yatsansa har ya nufe ta. Amma Obadiya yana tsaye a kansa yana karanta allon, kuma ta yaya mutum zai fara da waƙar da aka yabe shi a ciki, ga waƙoƙin Ubangiji a jere? Kunya ta hana shi. Ya ce a ransa zai zo kanta in ya gama manya, ya buɗe ta Kirsimeti.

Zufa tana ɗiga a kan takardar. Murya huɗu ce kowace waƙa, ga kalmomi, kuma shi ba mutum ne da ya iya rubutu da gaggawa ba, ko yanzu da wuta a bayansa sai ya tsaya ja layi da rula. Ta farko ta ci masa minti goma sha biyar. Ya jefar da rular. Ya bar muryoyi uku ya riƙa ɗaukar ta sama kaɗai. Yana cikin ta huɗu Jemima ta iso da kunu a jug, ta gaida baƙo, ta dubi fuskar mijinta. Ta ajiye kunun, ta jawo 'yar kujera ta zauna a bakin ƙofa.

Yana tsakiyar ta biyar, wata waƙar girbin doya, Obadiya ya ɗauki agogonsa. "Malam."

"Minti biyar."

"Na riga na ƙara maka goma. Ka yi haƙuri."

Tobias ya tashi daga kujerar kamar wanda ake ɗagawa daga gefen mara lafiya. Hammanjoda ya zauna, ya buɗe jakarsa ya jera faifai goma sha uku a kan tebur, kowanne da lambarsa. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada wuta ta yanke a tsakiya, don in ta yanke ba tsoho ba sabo. Ya yi bisimilla ya tura na farko.

Babu abin da ya kai kallon wannan aiki cin rai. Wani shuɗin layi ne yake rarrafe a allo, ya tsaya, ya motsa, kwamfuta ta nemi faifai na gaba. Tobias yana tsaye a bayan Hammanjoda yana sauke numfashi a wuyansa, duk ƙugin da injin ya yi sai ya tambaya me ake taɓawa yanzu. Hammanjoda ya amsa sau biyar, daga nan ya ce, "Sey munyal, Baba, sai haƙuri. Ni ma kallo nake." Na huɗu ya shiga, na biyar, na shida. Rana ta take, kwanon rufin ya ɗau zafi, babu wanda ya taɓa kunun.

A faifai na tara janareta ta yi tari. Ƙwan ofis ya dushe ya dawo. Ta sake yi, wannan karon mai tsawo. Lissafin Obadiya bai ci ba, man ya ƙare da wuri. Obadiyan, dattijo mai tumbi, ya fita a guje, ya karkata janaretar don ta tsotsi ragowar da ke gindin tanki, yana ihu a kawo tiyo. Hammanjoda ya ce babur ɗinsa, a zuƙe na ciki. Tobias ne ya tsinko tiyon ban ruwan fulawa, ya cusa a tankin babur ya zuƙa da baki har mai ya cika masa maƙogwaro, ya tofar, ya tara a kwalba. Kwalba ɗaya da rabi aka samu. Suka ɗura wa janaretar tana kakari, ta yi kamar za ta tafi, sai ta kama. Da suka koma ciki layin yana nan yana rarrafe, Hammanjoda ya dafe kai da hannu biyu.

Na goma sha uku ya fita wajen ƙarfe ɗaya. Kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta, allo ya yi shuɗi da farin gajimare, ta yi wani ɗan kiɗa. Hammanjoda ya jona firinta, ta zuƙi takarda ta fito da tsarin taron mata, baƙi sumul. Obadiya ya riƙe shi da hannu biyu, murna ta zo masa, ya dubi Tobias ya haɗiye ta.

"To, buɗe," in ji Tobias. Muryarsa ta dushe da mai.

Hammanjoda ya danna. Hoton manhajar ya fito yadda ya saba, har Tobias ya saki numfashi ya ce, "Ga ta nan." Sai wani ɗan akwatin rubutu ya bayyana a tsakiya. Tobias ya sa tabarau ya karanta da kansa, a hankali, kamar yana koya wa 'yan aji uku. Ba a sami mabuɗi ba, a saka faifan asali.

Hammanjoda ya gwada duk abin da ya sani. Ya rufe ya buɗe, ya bi ta tsohuwar hanya mai baƙin allo, ya sake tura shuɗin faifan. Daga ƙarshe ya janye hannunsa ya ce, "Walaa. Babu, Baba. Waƙoƙin suna ciki, ban taɓa ko ɗaya ba, ga sunayensu. Ƙofa ne ya rufe." Baturiyar kuwa shekara biyu ke nan wasiƙun Tobias ba sa samun amsa. Da janareta ta sake tari, Hammanjoda ya yi sauri ya aika jerin sunayen ga firinta. Takardar tana faɗowa, wuta ta ɗauke.

Obadiya ya ce zai kai janareta sito, ya fita bai dawo ba. Hammanjoda yana tattara faifansa ɗaya bayan ɗaya, ba ya son su yi ƙara. Tobias ya zauna da littafin makarantar Lahadi a cinya, waƙa huɗu da rabi. Ya dubi ta girbin doya inda biro ya tsaya a tsakiyar layi, ya fara rera ta ƙasa-ƙasa ko ragowar za ta zo. Ya kai wurin ya tsaya. Ya koma farko, ya sake kaiwa wurin, ya sake tsayawa. Shekara uku yana zuba su a ƙarfe don kada ya dogara da ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar kuwa ta ɗauke shi a kan maganarsa.

A karo na uku, da ya tsaya, waƙar ba ta tsaya ba. Daga bakin ƙofa aka ɗauke ta, da murya mai kauri da ta ɗan yi tsatsa. Jemima ba ta dube shi ba, tana kallon harabar coci, hannuwanta a cinya. Ta kai ƙarshen layin, ta zame daga sauti zuwa sauti a hankali, daidai abin da aka kore ta a kansa. Hannun Tobias ya kai kan sandar gwaiba da kansa, don sabo. Sai ya tsaya, domin ya gane zamewar. Haka take fitowa ta cikin zana a Iware, kowace Asabar, shi ne yake miƙar da ita kafin ya zuba, saboda manhajar ba ta da wurin ajiye ta. Ya janye hannunsa daga sandar.

Ta rera har ƙarshe, baiti shida. Hammanjoda, da jaka a kafaɗa, ya ce, "Useko, an gode, Mama," ya sa kai ya fita yana tura babur ɗinsa da ba mai.

"Maman Esta," in ji Tobias. Sai da ya yi gyaran murya. "Nawa kika sani?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ya ɗauki takardar da firinta ta fitar, ya fara karanta sunayen daga sama. Ta ce ta sani. Ta sani. Wannan rabi. Wannan tun tana goye a bayan uwarta take jin ta. Wannan ta manta, amma in ta ji farkon za ta kama. Yana yin alama da biro a gefe, alamun suna yawa, har ƙirjinsa ya fara sakewa, kunya kuma tana cin sa, ta shekara ashirin. Ta ce masa abu ɗaya, yadda tsohuwa take yi za ta yi, in zai gyara to ya nemi wata. Ya ce ba zai gyara ba.

Ya zo layin ƙarshe ya tsaya, ta juyo ta dube shi.

"Saura ɗaya," ya ce. "Mai Zama Bayan Zana."

Jemima ta yamutsa fuska tana tunani, ta maimaita sunan a hankali. "Wannan ban san ta ba. Yaushe ta yi ta?"

"Ranar da kika fita neman magani."

"A kan me?"

Ya buɗe baki ya rera mata, don ta kama farkon yadda ta ce. Babu abin da ya fito. Ya san akwai rana a ciki, akwai inuwa, amma sautin ko ɗaya bai zo ba. Sau ɗaya aka rera ta a duniya, sau ɗaya ya rubuta, tana nan taku biyu daga inda yake zaune a cikin ƙarfen da gara ba ta ci. Malam Tobias ya kifa takardar a fuskarsa ya yi kuka, kukan da bai yi ba ranar jana'iza don yana gaban surukai.

Jemima ba ta rarrashe shi ba. Ta bar shi sai da ya gama, ta tsiyaya kunu a kofi ta ajiye kusa da shi don ya kashe ɗacin mai. Sannan ta ɗauko kujerarta daga bakin ƙofa ta shigo da ita ciki, ta ajiye a gabansa, suna fuskantar juna.

"Baban Esta, ɗauki biro," ta ce. "Ka bar mata shafi ɗaya, ko za ta zo maka wata rana."

Ya buɗe shafin ƙarshe na littafin, ya rubuta tamanin da uku da sunanta a sama, ya bar ƙasan fari. Ya dawo farko, ya ɗaga kai yana jiran matarsa ta fara.